Kakar Kokowa da Tseren Neman Takobin Ƙasa

Gasar kokowar gargajiya ta ƙasa, wadda kowa ya fi sani da gasar takobi, ita ce babbar gasar wasanni a Jamhuriyar Nijar. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, a lokacin sanyi, kuma jihohin ƙasar takwas ne ke karawa: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jiha tana kawo ƴan kokowa goma, jimilla mutum tamanin, a shafe kamar kwana goma ana fafatawa, sannan mutum ɗaya ya tafi da takobi. Sai dai kwanakin nan goma ƙarshen tafiya ne kawai. Mafarinta yana filayen ƙauyuka da garuruwa irin su Bengu ta jihar Doso, watanni kafin a kunna talabijin.

Kokowa wasan kaka ce. Idan aka yanke gero aka ɗaure damma, rumbuna suka cika, sai samari su sami abu biyu da damina ta hana su, wato hutu da ƙoshi. A da, kuma har yau a wurare da yawa, samarin wani gari kan ɗauki makaɗansu su tafi wani gari neman abokan karawa. A share fili, a zuba rairayi, jama'a su yi da'ira, manya a gaba a zaune, yara a cusa ta ƙarƙashin ƙafafu. Wanda ya kayar da baƙo ya fitar da garinsu kunya, wanda ya je garin wasu ya yi kaye kuwa sunansa kan riga shi dawowa gida. Ba a biyan albashi a irin wannan fili. Abin da ɗan kokowa ke samu shi ne kari daga hannun masu kallo, da suna, da farin jini wajen neman aure.

Ƙasar Gaya, inda Bengu take, tana da nata yanayi a cikin wannan. Nan ne aka fi samun ruwan sama a duk faɗin Nijar, kuma aikin gona ba ya ƙarewa da ɗaukewar damina. A fadamun Dallol Mawri da Dallol Foga akwai noman rake da dankali da shinkafa, akwai dafa gishiri, akwai aikin giginya. Saurayin Bengu da ya tashi yana saran rake yana ɗora shi a amalanke ya riga ya sami ƙarfin damtse da na ƙugu tun kafin wani ya koya masa dabara. Ga kuma zaman iyaka. Kamba ta jihar Kebbi tana nan kusa ta gabas, Malanbil ta ƙasar Benin tana tsallaken kogin Kwara daura da Gaya, kuma kokowa tana cikin wasannin da ake yi a bikin kamun kifi na Argungu. Dendawa da Kyangawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani duk suna haɗuwa a fili ɗaya, saboda haka ɗan kokowar wannan yanki yakan saba da hannaye iri-iri tun yana ƙarami.

Daga waɗannan filaye ake fara tankaɗe. Waɗanda suka yi fice a ƙananan hukumomi, kamar Bengu da Bana da Tanda da Tunuga da Yelu, su ne ke neman shiga sahun gundumar Gaya. Daga gunduma sai jiha, inda za su tarar da zaratan sauran gundumomin Doso: Dogon Dutsi, Tibiri, Junju, Loga, Boboye, Falmai da Doso kanta. Gurbi goma ne kacal, kuma tsofaffin hannu ba su sakin nasu da sauƙi. Idan aka fitar da goman, sai a killace su wuri ɗaya na ɗan lokaci, a ciyar da su, a horar da su, a duba lafiyarsu, kafin a kama hanyar garin da zai karɓi baƙuncin gasar. Mafi yawan ƴan kokowar ƙasar nan ba su taɓa kaiwa wannan mataki ba, amma da su ne ake wasa wuƙar waɗanda suka kai.

Gasar ta ƙasa ta samo asali ne a shekarar 1975, shekara guda bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki. Ƙasa tana fitowa daga matsanancin fari, kuma gwamnatin soja tana neman abin da zai haɗa kan al'ummomin da harshe da nisa suka raba. An yi karon farko a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokowa na farko. Aka tsara cewa gasar za ta riƙa zagayawa daga jiha zuwa jiha, kuma wannan zagayen ne ya sa kowane babban birnin jiha ya mallaki filin kokowa ginanne. Sunayen filayen ma tarihi ne: na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Damagaram sunan Langa-Langa, na Doso kuma sunan Salma Ɗan Rani. Karo na 45 ya zo ne a watan Disamba na 2024, abin da ke nuna akwai shekarun da aka tsallake ba a yi ba. A yau hukumar kokowa ta ƙasa, FENILUTTES, ita ke tafiyar da gasar tare da ma'aikatar da ke kula da wasanni.

Tsarin gasar shi ne abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin daga gare shi zafinta yake fitowa. Kowace jiha tana karawa da sauran bakwai, ɗaya bayan ɗaya, jiha guda a kowace rana. Haɗuwa ashirin da takwas ke nan a cikin kwana bakwai, wasu da safe wasu da yamma, kuma a kowace haɗuwa mutum goma ne ke fuskantar mutum goma. Ba a raba su bisa nauyi. Siriri yana iya faɗawa hannun ƙato, kuma an sha ganin siririn ya tashi ya bar ƙaton a ƙasa. Ƙa'idar da ke mulkin komai ita ce wannan: duk wanda aka kayar sau ɗaya, ya fita daga neman takobi na wannan shekara. Ba a la'akari da sunansa, ba a la'akari da cewa shi ne mai riƙe da takobin bara. Kowace yamma ƴan jarida kan lissafa waɗanda ba su faɗi ba, a ji adadin yana raguwa, daga tamanin zuwa ƴan gommai, zuwa abin da yatsun hannu za su ƙirga. Wata jihar takan wayi gari a tsakiyar mako ba ta da ko mutum ɗaya a tsaye. Bayan kwana na bakwai, waɗanda suka rage su ne ake jefa wa ƙuri'a su kara a tsakaninsu, har a kai ga biyun ƙarshe.

Wani ɓangare na wannan ƙa'ida shi ne ya fi ba ta armashi. Wanda ya faɗi ba ya komawa gida. Yana ci gaba da shiga fili da sunan jiharsa har ƙarshen zagayen, domin ana lissafa yawan kayen da kowace jiha ta yi. To shi irin wannan mutum ba shi da abin da zai rasa, yana kuma da abin da zai samu, domin wanda ya kayar da sarki yakan sami suna da kyauta ko da bai je ko'ina ba. Mai neman takobi kuwa dole ya yi taka-tsantsan da kowane taku. Saboda haka karawar da ta fi haɗari ga gwani sau da yawa ba ita ce ta ranar ƙarshe ba, ita ce ta wata safiyar Talata da wani yaro da ba a san sunansa ba, wanda aka riga aka kayar tun ranar farko. Akwai kuma masu bin wata hanya, su riƙe abokin karawa su ƙi kai hari har lokaci ya cika a tashi canjaras, don kawai su tsira a tsaye. Wannan ɗabi'a ce ta sa aka ba alƙalan wasa ikon yin gargaɗi ga mai gudun kokowa. Matakin ya dace, domin jama'ar da suka bar kasuwa da gona ba su zo kallon mutum biyu suna jingine da juna ba.

Idan aka leƙa waje, gasar da ta fi kama da wannan a ruhi tana Amurka, a ƙwallon jami'o'i, wato irin ƙwallonsu da ake runguma a hannu ana ture juna. Tun 1869, lokacin da jami'o'in Rutgers da Princeton suka fara karawa, wannan wasa ya zama abin da jihohi da garuruwa ke alfahari da shi, har filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. Manyan makarantun da ke cikin rukunin farko sun haura 130, kuma kowace tana buga wasa goma sha biyu ne kawai daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba. Da yake wasannin kaɗan ne, faɗuwa ɗaya takan isa ta rushe burin shekara, kuma magoya baya kan ƙirga waɗanda ba a ci su ba mako-mako, kamar yadda ake ƙirga waɗanda ba su faɗi ba a filin kokowa.

Bambancin yana wajen fitar da zakara. Makarantu 130 ba za su iya karawa da juna duka ba, saboda haka Amurkawa sun daɗe suna dogara da ra'ayi. Daga 1936 ƴan jarida ke jefa ƙuri'a su jera ƙungiyoyi, kuma akwai shekarun da aka tashi da zakaru biyu, kowanne da masu cewa shi ne. A 1998 aka kawo tsarin da ke haɗa ƙuri'a da lissafin kwamfuta don zaɓen ƙungiyoyi biyu da za su yi wasan ƙarshe. A 2014 aka koma ƙungiyoyi huɗu, waɗanda wani kwamiti ke zaɓa. A kakar 2023 Jami'ar Jihar Florida ta ci wasanninta duka, amma kwamitin ya bar ta a waje. Da aka faɗaɗa tsarin zuwa ƙungiyoyi goma sha biyu a 2024, sai Jami'ar Jihar Ohio, wadda aka ci sau biyu a kakar, ta doke Notre Dame da maki 34 da 23 a watan Janairun 2025 ta zama zakara. Tsarin Nijar bai san ɗayan waɗannan biyun ba. Babu kwamitin da zai hana wanda bai faɗi ba ci gaba, babu kuma ƙofar baya ga wanda ya faɗi. Tsari ne mai tsauri, yana iya fitar da gwanin gwanaye saboda santsin ƙafa na daƙiƙa ɗaya, amma talaka a ƙauye yana gane adalcinsa ba tare da an yi masa bayani ba, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ake yarda da sarkin da ya fito.

Abin da makaranta take wa Ba'amurke, jiha ce ke yi wa ɗan Nijar. Akwai wasannin makarantu da na jami'o'i a nan, kamar yadda Nijeriya take da gasar NUGA tun 1966, amma ba su taɓa kama zuciyar jama'a haka ba. Gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ma tana da nata cikas. Yawancin manyan ƙungiyoyinta a Yamai suke, da dama kuma na hukumomi ne: ta soja, ta ƴan sanda, ta kwastan, ta kamfanin wutar lantarki. Manomin Tunuga ba shi da dalilin da zai sa ya hana kansa barci saboda ƙungiyar kwastan. Amma idan aka ce Doso za ta kara da Tawa, ya san nasa ne za su shiga fili, wataƙila ma ya taɓa ganin ɗayansu yana kokowa a bayan kasuwar garinsu. Shi ya sa a kwanakin gasar aiki kan yi sanyi a ofisoshi, a taru gaban talabijin a shaguna da tashoshin mota, mai rediyo kuma ya rataya ta a wuya ya tafi lambu, yana jin sharhi da Hausa da Zabarmanci.

Kokowar takobi ba ƙarfi kaɗai ba ce, kuma wanda ya kalle ta babu sauti ya rasa rabinta. Kafin a kama, ɗan kokowa yakan fito da walki da layu da guraye, ya tsaya gaban makaɗa ya ɗaga hannu ya yi kirari. A ciki yakan ambaci iyayensa da garinsu da waɗanda ya taɓa kayarwa, ya ƙalubalanci duk mai jin ya isa. Makaɗa su amsa masa da takensa. A cikin mawaƙan wannan fage babu wanda sunansa ya kai na Sagalo, wanda muryarsa ta zama kamar shaidar cewa lokacin kokowa ya yi. Akwai kuma ƴan cali-cali, masu shigar ban dariya suna kwaikwayon yadda aka yi kaye, su sanyaya zuciyar jama'a a lokacin da rai ya ɓaci. Aikinsu ya fi yadda ake ɗaukarsa nauyi, domin fili mai dubban mutane da jiharsu ta sha kaye yana buƙatar abin da zai mayar da fushi dariya. Hukuma ta gane darajar waɗannan abubuwa, shi ya sa ake ware kyaututtuka na kirari da na suturar gargajiya.

Maganar asiri ba ta ɓuya. Kusan kowane ɗan kokowa yana da malaminsa ko bokansa, ana shafe-shafe, ana zuba rubutu, ana tsayawa a wata kusurwa a ƙi shiga fili sai abokin karawa ya riga shiga. Malaman addini sun sha yin magana a kan abin da ya saɓa wa shari'a a ciki, alƙalan wasa kuma suna fama da ɓata lokacin da yake jawowa. Abin da ido ke iya tabbatarwa dai shi ne, waɗanda suka daɗe suna cin takobi mutane ne masu juriyar horo, masu dogon numfashi, masu haƙurin jiran kuskuren abokin karawa.

Jihar Doso tana da babban rabo a wannan tarihi. A zamanin farko, lokacin da ake ambaton Kantu na Maraɗi da Kadade na Tawa, Salma Ɗan Rani ne ya riƙe tutar Doso. Bayansu aka yi zamanin su Balla Haruna da Badamasi Alasan, sannan su Umaru Bindigau na Maraɗi da Haruna Abdu na Tawa da Laminu Maidaba na Agadas. Sai kuma Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya fito daga Doso ya yi abin da ba a taɓa yi ba: ya ci takobi sau shida, uku na ƙarshe a jere, a Yamai da Difa da Agadas, na shidan a ƙarshen Disambar 2023. Idan aka tuna cewa kowane takobi yana nufin kwana goma ba tare da kuskure ɗaya ba, a gaban mutanen da kowannensu burinsa ya zama shi ne ya kayar da sarki, za a gane girman wannan aiki. Duk da haka ƙa'idar ba ta yi masa sassauci ba. Da gasar ta zo gida Doso a Disambar 2024, a filin Salma Ɗan Rani, takobin bai kwana a jihar ba, Abba Ibrahim na Yamai ne ya tafi da shi.

Sarkin kokowa yana samun takobi da rawani da doki mai ado da kuɗi, ban da kyaututtukan da gwamnoni da ƴan kasuwa da kamfanoni ke ƙarawa. Kyautar ta ƙaru ƙwarai idan aka kwatanta da zamanin su Kantu, kuma hakan daidai ne, domin mutumin da ya tara ƙasa gaba ɗaya wuri guda bai kamata ya koma gida hannu rabbana ba. Amma kuɗi sun zo da nasu matsaloli. Ana yawan zargin sayar da kaye, wato wani ya kwanta da gangan don a raba abin da za a samu, kuma ko da zargin bai tabbata ba, jin sa kaɗai yana rage wa gasar daraja. Akwai kuma sauya jiha, inda ɗan kokowar da wani gari ya raina yakan koma inda aka fi kula da shi. Ba za a ga laifinsa ba, tun da ƙarfin jiki ba ya daɗewa, amma idan abin ya yi yawa, dangantakar da ke tsakanin mai kallo da wanda ke wakiltarsa takan yi rauni. Amurkawa ma suna cikin irin wannan muhawara tun 2021, lokacin da aka halatta wa ɗaliban da ke buga wasa karɓar kuɗin talla da sunansu, aka kuma sauƙaƙa musu sauya makaranta.

Matsalar da ta fi shafar wurare irin su Bengu ita ce ta tushe. Kusan duk abin da ake kashewa yana tafiya ne ga kwana goman ƙarshe, filayen ƙauye kuwa suna nan a hannun masu sha'awa. Saurayin da ya gurɗe a gwiwa ko ya karye a kafaɗa a wasan share fage, shi da iyayensa ne ke neman mai ɗori. Ga kuma tafiya ci-rani, wadda ke kwashe samari zuwa Nijeriya da Benin da sauran ƙasashen gaɓar teku daidai lokacin da ya kamata a ce ana kokowa. Ƙaramar hukuma ba ta buƙatar dukiya mai yawa kafin ta tsayar da ranakun wasa sanannu bayan girbi, ta tanadi rairayi da ma'aikacin lafiya a bakin fili, ta kuma shigar da makarantu ciki yadda yaro zai koyi kokowa ba tare da ya bar aji ba.

Bayan takobi akwai mataki na gaba, wato fagen ƙasa da ƙasa. Ƙungiyar ECOWAS tana shirya gasar kokowar Afirka da ake kira TOLAC, wadda aka sha yi a Nijar kafin ƙasar ta fice daga ƙungiyar a 2025, inda manyan abokan hamayyarta suka kasance Senegal da Nijeriya. An kuma yi kokowar Afirka a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai ta karɓa a Disambar 2005. A waɗannan gasanni ana raba ƴan kokowa bisa nauyi, kowa da ajinsa, ana auna su kafin a shiga fili. Wannan yana buɗe ƙofa ga marasa nauyi, waɗanda da wuya su kai ƙarshen gasar takobi amma suna iya ciyo wa ƙasa lambar zinariya a ajinsu, kuma yawancin waɗanda ake zaɓa su wakilci Nijar daga cikin mutum tamanin ɗin nan na gasar ƙasa ake tsamo su.